Kurakuran da Ke Ɓata Taron Kamfani da Yadda Ake Gyara Su

Akwai wani taron diloli da na shirya a Kano shekarun baya, lokacin ina aiki da wani kamfanin kayan masarufi, wanda har yau idan na tuna shi sai na ji ba daɗi. Mun kama zaure a otal, muka buga katin gayyata, muka rubuta ƙarfe goma na safe. Mutane suka taso daga Gusau, Katsina, Haɗeja, wasu har daga Maraɗi, kowa ya bar shagonsa a hannun yara. Goma daidai suna zaune. Babban baƙo bai iso ba sai sha biyu da rabi. Aka buɗe da addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, aka yi jawabin maraba, kafin a ankara an kira Azahar. Daga salla sai abinci, daga abinci sai masu nisa suka fara duba agogo. Maganar sabon farashi da tsarin ba da kaya bashi, wadda ita ce ta tara mu, minti ashirin ta samu. A bakin ƙofa wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, da takarda kuka aiko mana ai da ya fi." Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Da na zauna na yi nazari, sai na ga ba ranar taron abin ya lalace ba. Tun a ofis muka ɓata shi, makonni kafin nan.

Kuskuren farko, kuma uban sauran, shi ne kiran taro ba tare da an san abin da ake so ya haifar ba. Sai ka ji an ce "mu haɗu mu tattauna kan kasuwa." A tattauna a kai ina? Kafin a kama zaure ko a buga kati, mai shirya taro ya zauna da shugabansa su rubuta jimla guda: idan an tashi, me zai kasance an yanke, ko me mahalarta za su koma gida da shi? Idan jimlar ta gagara rubutuwa, to lokacin taro bai yi ba. Wannan jimla ita ce za ta nuna wa za a gayyata. Taron yanke shawara ba ya son cunkoso, mutum shida zuwa goma waɗanda ke da ikon cewa e ko a'a sun isa. Taron ƙaddamar da sabon kaya yana son jama'a da 'yan jarida. Horar da ma'aikata yana son tebura da takarda da isasshen lokaci. Mu a ranar nan mun cusa biki da ciniki a zaure ɗaya, bikin ya cinye cinikin.

Ajanda kuma a aika ta kwana uku ko huɗu kafin zama, tare da duk takardar da za a yi muhawara a kanta. Kowane batu a rubuta wanda zai gabatar da shi da mintocin da aka ba shi. Batun da ya fi nauyi a sa shi a gaba, lokacin da kai ke sanye, kada a ajiye shi sai bayan an ci shinkafa.

Sai zaɓen rana, inda nake ganin an fi yin sakaci, domin kalandar ofis ba ita kaɗai ke tafiyar da rayuwar mutane ba. Juma'a rabin rana ce, duk taron da bai ƙare kafin sha biyu ba zai watse da kansa. Asabar da Lahadi na iyali ne da ɗaurin aure, ga abokan aiki Kiristoci da ke zuwa coci ranar Lahadi. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga da safe, don haka wanda ya sa taro ƙarfe tara ya sa baƙinsa a wahala. Ƙarshen wata ma'aikatan sashen kuɗi suna fama da albashi da rufe lissafi, jikinsu ne kawai zai zo. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka ranar da ta yi daidai bara ba lallai ta yi daidai bana ba. Idan dole ne a zauna cikin Ramadan, a yi da safe, a gajarta, a sallami mutane kafin rana ta take. Salla kuwa sai an ga wata Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, don haka a bar tazarar kwanaki gabanta da bayanta. Makon Kirsimeti da na Ista su ma haka. Lokacin tashin alhazai, yawancin manyan 'yan kasuwar da kake son gani suna Makka ko suna shirin tafiya.

Yanayi ma yana da tasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan jinkirta jirage ko ya sa a soke su a filin jirgin Malam Aminu Kano da sauran filayen Arewa. Idan mai gabatar da babbar ƙasida daga Legas zai taso, a kawo shi tun jajibiri ya kwana. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai asarar zaure cike da mutane suna jiran wanda ke zaune a filin jirgin Legas ba. A watan Agusta kada a dogara da rumfa a fili. A Afrilu kuma zauren da na'urar sanyaya ɗakinsa ba ta da ƙarfi zai kori mutane kafin Azahar.

Akwai taron da doka ce ke tsara ranarsa, ba son ran shugaba ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta ce a ba masu hannun jari sanarwar kwana 21 kafin babban taro, kuma kada tazarar da ke tsakanin babban taron shekara da na gaba ta wuce wata 15. Rashin aika sanarwa ga wanda ya cancanta, idan ba kuskure ne na rashin sani ba, yana iya rushe taron da duk abin da aka zartar a cikinsa. Ƙananan kamfanoni da waɗanda mai hannun jarinsu mutum guda ne dokar ta ɗauke musu wajibcin taron shekara. Abin da ya dace shi ne a zauna da sakataren kamfani ko lauya tun kafin a tsayar da rana, ba bayan an raba kati ba.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wato jiran babban baƙo. Girmama manya tarbiyyarmu ce, ba kuma ina cewa a bar ta ba. Amma mutum ɗari da suka zo a kan lokaci su ma suna da haƙƙi, kuma idan aka saba zaunar da su awa biyu, gobe su ma sai su zo a makare, a haka ɗabi'ar ke yaɗuwa. Gyaran yana da sauƙi. A tsara shirin yadda zai iya farawa ba tare da babban baƙo ba: a soma da ƙasida ko tattaunawar aiki, a ajiye jawabinsa zuwa wani lokaci da aka yi yarjejeniya da mataimakinsa. Idan ya iso, a dakata, a tarbe shi da mutunci, ya yi jawabi, a ci gaba. Na gwada wannan sau da dama, ban taɓa ganin babban da ya ji haushi ba, wasu ma sukan ji sauƙi da ba su tsayar da jama'a ba. Gabatar da manyan baƙi kuma a yi shi sau ɗaya, daga bakin mai gabatarwa. Ba sai kowane mai jawabi ya sake jero sunaye da muƙamai ba. Sannan a tabbatar da sunan kowa da sarautarsa a rubuce tun kafin ranar. Kiran Alhaji da sunan wani, ko a ce wa Hajiya mataimakiya alhali ita ce shugaba, ƙaramin abu ne a baki amma yakan daɗe a zuciya.

Salla a sa ta cikin jadawali da lokacinta, kada a bari sai ladan ya katse mai magana. A duba wurin alwala, a tabbata akwai ruwa da butoci, akwai tabarmi, akwai keɓaɓɓen wuri na mata da banɗakinsu mai tsafta. Mutum tamanin a famfo biyu, hutun minti ashirin zai koma awa guda.

Zaure kuwa kada a kama shi ta waya ko ta hoton da aka turo a WhatsApp. Ka je da ƙafarka, kuma ka je a daidai sa'ar da za a yi taron, don ka ga inda rana ke shigowa da irin hayaniyar da ke waje. Ƙirga kujerun da kanka. Zauna a layin ƙarshe ka ga ko ginshiƙi ya tare allo. Ka ce a kashe wutar gari a tayar da janareta a gabanka, ka duba minti nawa ake ɗauka kafin a sauya, kuma ko yana ɗaukar na'urorin sanyaya ɗaki gaba ɗaya. Tambayi wa zai sayi man janaretan, domin na taɓa ganin an tsaya cacar baki a kan wannan ana tsakiyar taro, zaure ya yi duhu. Lasifika a gwada ta, makirufo biyu aƙalla, da sababbin batura a aljihun wani da aka sani. Majigi a haɗa shi da ainihin kwamfutar da za a yi amfani da ita, saboda sau da yawa bakin wayar haɗa su ba ya shiga. Duk ƙasidun a karɓe su tun daren jajibiri a zuba a kwamfuta ɗaya.

Duk abin da aka yi alkawari da otal ko mai abinci a rubuta shi, kowa ya sa hannu: awa nawa, kujera nawa, ruwa katan nawa, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a biya ciko, me zai faru idan an ɗage. A tambaya ko farashin ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, da kuɗin hidima da otal-otal kan ɗora. Mutane da yawa sai ranar biya suke ganin lissafi ya haura kasafinsu. Ni nakan ware kashi goma cikin ɗari na kasafin in ajiye gefe, kuma da wuya a tashi ban taɓa shi ba.

Abinci ba ya son zato. Katin gayyata ɗari ba ya nufin mutum ɗari. Kwana uku kafin taro a bi kowa da kira a ji ko zai zo, kuma shi da wa. Direbobi da jami'an tsaro da masu ɗaukar hoto a sa su a lissafi, su ne aka fi mantawa, su ne kuma suka fi daɗewa a wurin. A tanadi abin da masu ciwon suga za su iya ci da sha, ba lemon kwalba kaɗai ba. Idan za a ba da kuɗin mota ko masauki, a faɗa a takardar gayyata, idan ba za a bayar ba ma a faɗa. Barin wannan a duhu shi ke sa taro mai kyau ya ƙare da gunaguni a bakin ƙofa.

Harshe ma abin dubawa ne. Sau nawa ake tara 'yan kasuwar Kwari da Singa, mutanen da ke juya miliyoyi, a yi musu awa biyu ana Turanci da alluna cike da rubutu, a ƙarshe a ce akwai mai tambaya, a ji shiru? Shirun nan ba gamsuwa ba ce. A yi magana da harshen da mahalarta ke ciniki da shi. Idan akwai baƙin da ba sa jin Hausa, ko abokan hulɗa daga Nijar da takardunsu ke cikin Faransanci, a nemi tafinta, a ba shi takardun tun da wuri, kuma a ƙara lokaci, domin jawabin da ake fassarawa yakan ci kusan ninki biyu.

Taron intanet yana da nasa tarkon. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Layin sadarwa ɗaya ba abin dogaro ba ne, a tanadi na kamfani biyu daban. A rubuta lokaci da sunan gari: Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gaba da awa biyu, Dubai uku, Sin bakwai. Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa guda. Idan wasu na zaure wasu na kan layi, a ba mutum ɗaya aikin kula da na kan layin kawai, in ba haka ba za a manta da su har a tashi.

Kwamiti yana da amfani, amma ranar taro dole a san mutum guda da magana ke ƙarewa a wurinsa. Kowane aiki da sunan mai shi da lambar wayarsa a takarda ɗaya: wane ne a ƙofa, wa ke tarbar baƙi, wa ke tsaye kan abinci, wa ke riƙe da agogo yana nuna wa mai jawabi saura minti biyu. Aikin da aka ce "za mu duba" ba wanda zai duba shi.

Kuskuren ƙarshe yana zuwa ne bayan an naɗe tabarma. An yi muhawara, an amince, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa, bayan wata uku a sake haɗuwa a kan magana ɗaya. Kafin addu'ar rufewa, shugaban taro ya ɗauki minti biyar ya karanto abin da aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, kowa ya ji da kunnensa. Sakatare ya fitar da wannan a shafi ɗaya cikin kwana biyu, tun ba a fara musun abin da aka faɗa ba. A biya mai abinci da mai lasifika cikonsu a kan lokaci, a haɗa rasit, a kira waɗanda suka yi nisa a ji ko sun sauka lafiya.

Da shekara ta zagayo muka sake kiran dilolin nan, ranar Talata, bayan Babbar Salla da mako uku. Takardar farashi ta riga su isa hannunsu da Hausa. Muka fara goma da minti biyar, maganar bashi ta samu awa ɗaya da rabi, aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita a kan wa'adin biya. Ƙarfe biyu da rabi mutanen Gusau da Maraɗi sun kama hanya.