Yadda ake kama tushen kemistiri, daga ƙwayar zarra zuwa sunayen sinadarai

Na daɗe ina zama da ɗaliban da ke fara kemistiri, kuma kusan wuri ɗaya ƙafarsu ke zamewa. Makonnin farko kowa na jin daɗi, ana ta zana ƙwayar zarra da da'irori. Da an shiga sunayen sinadarai sai ɗalibi ya koma hadda, suna bayan suna, kamar mai haddace lambobin waya. Ranar jarrabawa a kawo masa haɗin da bai taɓa gani ba, sai ya tsaya cak.

Ka fara da jadawalin sinadarai. Buga shi a takarda ka liƙa inda kake karatu, wanda ke cikin waya ba ya zama a ido. Sinadarai 118 ne, amma na farko 20, daga haidurojin zuwa kalsiyom, sun ishe ka yanzu, sai ka ƙara ƙarfe, jan ƙarfe, tutiya, azurfa da darma. Wasu alamomin daga Latin suka fito, shi ya sa sodiyom yake Na, fotasiyom K, ƙarfe Fe, darma Pb. Kuma ka kula da babban baƙi da ƙarami: Co sinadarin kobal ne, CO kuwa iska ce mai kisa. Lokacin da Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara jadawalinsa a 1869, ya bar gurabe ga sinadaran da ba a gano ba tukuna, domin ya ga sinadarai sun kasu dangi-dangi masu hali ɗaya, waɗanda a jadawalin yau suke layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Wannan halin ne zai cece ka a gaba.

Game da ƙwayar zarra, wadda ke da ƙananan ɓangarori uku, furoton da niyutiron a tsakiya, elektiron a kewaye, abu ɗaya nake so ya zauna maka: yawan furoton shi ne sunan sinadari. Mai furoton 6 kabon ne, ko me ya faru. Idan yawan niyutiron ya sauya, sinadarin na nan, nauyinsa ne ya sauya, shi ya sa kulorin yake da nauyi 35.5 a jadawali, don cakuda ne na mai nauyi 35 da mai 37, kusan uku bisa ɗaya. Idan elektiron ne ya ƙaru ko ya ragu, ƙwayar ta samu caji ke nan.

Awo ba shi da wuya, horo yake so. Kada ka rubuta lamba tsirara, ko a takardar gwaji ce, sa mata giram ko mililita. Wajen karanta ruwa a kwalbar awo, sauke idonka daidai da saman ruwan ka karanta ƙasan lanƙwasar. Sannan kalkuleta ba ta san ingancin awonka ba. Ka raba giram 12.0 da mililita 7.0, za ta ba ka 1.7142857, amma amsarka 1.7 ce, tun da 7.0 lambobi biyu kacal ka tabbatar.

To, ga inda nake so ka daɗe. Duk haɗin da aka ba ka, tambayar farko ita ce: akwai sinadari ɗan dangin ƙarfe a ciki? In akwai, maganar caji ce. Layin farko na jadawali, daga sama zuwa ƙasa, +1 ne, na biyu +2, alminiyom +3. Ta ɗaya gefen, dangin kulorin −1, oksijin da farar wuta −2, naitirojin −3. Doka ɗaya ce, jimillar caji sai ta zama sifili. Alminiyom biyu sun ba da +6, oksijin uku sun ba da −6, ka samu Al₂O₃. A suna, ƙarfen ke zuwa farko, na biyun a ƙare shi da -ide, wato aluminium oxide.

Matsalar tana zuwa da ƙarafan da ke da caji fiye da ɗaya. Na sha ganin ɗalibi ya kalli Fe₂O₃, ya ga 2 a gindin Fe, ya rubuta iron(II) oxide. Kuskure ne. Lambar Rumawan nan, wato II ɗin da ke cikin baka, ba yawan ƙwayoyin ƙarfe take faɗa ba, cajin kowace ƙwaya ɗaya take faɗa. Ka yi lissafin daga baya: oksijin uku, −6 ke nan, ƙarfe biyu za su raba +6, kowanne ya samu +3. Sunan iron(III) oxide. Shi iron(II) oxide ɗin FeO ne, babu ko 2 a jikinsa.

Akwai dabarar da ake koyarwa ta musayar lambobi, a ɗauki cajin wannan a sa a gindin wancan. Ni ba na barin ɗalibaina su taɓa ta sai sun iya lissafin da hannu. Ita ce ke sa a rubuta Mg₂O₂ maimakon MgO, kuma ita ce ke sa a kira PbO₂ da lead(II), alhali oksijin biyu −4 ne, darmar +4 ce.

Sai gungun ƙwayoyin da ke tafiya tare da caji ɗaya. Waɗannan kam sai hadda, babu makawa: OH⁻, NO₃⁻, SO₄²⁻, CO₃²⁻, NH₄⁺. Ba sai ka sayi komai ba, yanka takarda ƙanana, alama a gaba, suna da caji a baya, ka riƙa juyawa kullum na minti 10. Mai -ate ya fi mai -ite oksijin ɗaya, cajin bai sauya ba: sulfate SO₄²⁻, sulfite SO₃²⁻. Kuma in gungu ya wuce ɗaya, sai an sa shi a baka. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini CaOH₂, tana da tabbacin ta yi daidai. Na ce ta ɗora bakin biro ta ƙirga oksijin. Ta ƙirga ɗaya, ta yi shiru, ta goge ta rubuta Ca(OH)₂. Tun daga ranar nake sa kowa ya ƙirga ƙwayoyin amsarsa kafin ya miƙo.

In babu ɗan dangin ƙarfe a haɗin, kuma babu NH₄⁺, ka ajiye caji gefe, ƙirge kawai ake yi da mono, di, tri, tetra. CO₂ carbon dioxide, CO carbon monoxide, N₂O₄ dinitrogen tetroxide. Ba a sa mono a kalmar farko. Kada kuma ka kai waɗannan cikin haɗin ƙarfe, CaCl₂ calcium chloride ne kawai.

Lissafin mol, wato ma'aunin ƙirga ƙwayoyi, zai biyo baya, da lambarsa 6.022 × 10²³, amma duk nauyin da za ka lissafa a can daga alamar haɗin yake fitowa. Don haka kullum ka yi haɗi 10, biyar daga suna zuwa alama, biyar daga alama zuwa suna, littafi a rufe, jadawali kaɗai a gabanka.