Yadda na gyara layin ECG da ke ta karkarwa

Na'urar nan mara waya da muke ɗaukar bugun zuciyar masu sa kai a dakin bincikenmu nan Gusau, Bluetooth ya haɗu lafiya lau amma layin ECG, wato zanen bugun zuciya da ke fitowa a allo, sai karkarwa yake, ko QRS, tsinin nan da layin ke yi a kowane bugu, ba ka gani sosai. Ashe wutar lantarki ce, kaɗawarta ta 50 Hz, wato sau hamsin a daƙiƙa, ke shiga wayoyin da ke haɗa na'urar da ƙirji don cajar laftop da soket suna gab da kujerar mutum. Na cire caja, na janye kujera nesa, na kunna filtar da ke tace 50 Hz ɗin a manhajar na'urar. Su ma ilektrod ɗin da ake mannawa a ƙirji, zafin garin nan ya busar da jel ɗinsu wallahi sun yi ƙamas, sai na buɗe sabon fakiti na goge fata da sifirit, ta bushe tukun na manna. Yanzu a 1000 Hz, wato awo dubu a daƙiƙa, na'urar take ɗauka tsaf.