Garanti da gyara: kurakuran da ke korar kwastoma daga shago

Duk shekara sababbin yara na buɗe teburin waya a Kasuwar Gumi da bakin titin Ahmadu Bello a Kaduna, kuma kuskure ɗaya suke maimaitawa har ya gunduri mutum: garantin baki. Mai saye ya tambaya, a ce masa "Alhaji, ai akwai garanti," shi ke nan. Na wata nawa? Ya haɗa da sikirin da batir, ko fanel, wato allon injin wayar, kaɗai? Na shago ne ko na kamfani? Ba a faɗa ba, ba a rubuta ba. Ran da wayar ta dawo, kowa da abin da ya ji.

Mafi muni shi ne sauya sharaɗi bayan an gama ciniki. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan gyara suka yi tsada, masu shago suka riƙa rage garanti. Ragewar ba laifi ba ce. Laifin shi ne wanda ya saya kan alkawarin wata uku ya dawo a wata na biyu, yaron shago ya ce masa "yanzu sati biyu muke bayarwa." Wannan cin amana ne, komai sunan da ka sa masa. Mutum yana yafe wayar da ta lalace, don ya san ba kai ka ƙera ta ba. Maganar da ka canja ce ba ya yafewa, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba: a majalisar unguwarsu zai ba da labari, ƙannensa da surukansa su koma shagon maƙwabcinka. Ka ceci kuɗin sikirin ɗaya, ka yi asarar gida guda. Ni dai abin da na yarda da shi: sabon sharaɗi ya fara daga ranar da aka liƙa shi a bango, tsohon rasit kuma a cika masa alkawarinsa ko da ciwo. A kan rasit a rubuta kwanan wata, ranar ƙarewa, abin da garantin bai shafa ba, da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lamba 15 da ke fitowa in an danna *#06#. Lambar nan ce ke hana a kawo maka wata wayar a ce taka ce.

Na biyu, haba masu gyara! Waya sabuwa fil, wata huɗu da fita daga kwali, ta daina caji, sai ka ɗauki sukundireba ka ɓalle bayanta. Da ka buɗe ka kashe garantin kamfani, wanda galibi shekara guda ne. Tecno da Infinix da itel suna da cibiyar gyaransu, Carlcare, can za ka tura mai wayar da rasit ɗinsa. Kafin ma nan, leƙa bakin cajin da tocila: lokacin hunturu ƙurar Kaduna ke dunƙulewa a ciki, tsinken sakace ya wadatar. Kuɗin aikin da ka hanga bai kai haushin da zai ji ba ran da kamfani ya ce masa an taɓa buɗe ta.

Ƙananan kuwa: duba alamar ruwa da ke cikin wayar a gaban mai ita, fara ce, in ta jiƙe ta koma ja; in ka duba bayan ya tafi, ba zai yarda ba. In sikirin ɗin da za ka sa kwafi ne, faɗa masa tun kafin ka sa, da farashin kwafin da na asalin. Mayar masa da tsohon abin da ka cire. Gaya masa ya kwashe hotuna da lambobinsa kafin filashin, wato goge manhajar wayar a sake ɗora ta. Kada ka ce "gobe" alhali sai kayan sun zo daga Legas.

Masu sayar da firij da talabijin kuma, ku daina ɓoye cewa garanti ba ya ɗaukar ƙonewar wuta. Wutarmu sama take da ƙasa, kuma kwamfuresan firij na son hutun minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi bayan ɗaukewa. A haɗa wa mai saye da sitabilaiza mai jinkiri tun ranar saye, a rubuta a rasit cewa an yi masa bayani.

Takardar nan ta "ba a mayar da kaya" ma a cire ta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wa wanda aka sayar wa kaya mai aibi damar mayarwa, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, na karɓar ƙorafi a kan haka.