Darasi na 7: Cutar farin ɗigo a jikin kifi

Mai kiwon tarwada ko ƙarfasa yakan gane ciwo tun kifi bai fara mutuwa ba, in dai yana tsayawa ya kalli ruwa lokacin ba da abinci. Kifin da cuta ta kama zai riƙa goga jikinsa da bangon tanki, ya ƙi abinci, ya raɓe gefe guda. Dama tarwada takan leƙo sama ta shaƙi iska ta koma, wannan ba ciwo ba ne. Amma in ta tsaya cak a saman ruwa, kai sama jela ƙasa, a kamo ta a duba.

In an ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa mata gishiri, to wata ƙaramar halitta ce ta shige ƙarƙashin fatarta tana cin jikinta. Tana kama kifin abinci, tana kama kifin ado irin koi na ƙasar Japan. 'Ya'yan kifi ta fi yi wa ɓarna, musamman da hunturu.

Ga abin da ke yaudarar masu kiwo. Muddin tana cikin fata, magani ba ya isa gare ta. In ta ƙoshi sai ta faɗo gindin tanki, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito iyo suna neman kifi. A wannan lokacin ne kawai ake iya kashe su. Shi ya sa wanda ya zuba magani sau ɗaya, ya ga ɗigo ya ɓace ya ce an warke, yakan sha mamaki bayan mako guda.

A narkar da gishiri kilo 3 a bokiti, a zuba a tanki mai lita 1000. In an sauya ruwa, a mayar da gishirin daidai ruwan da aka zubar. A ci gaba har kwana 10 zuwa 14. In mutuwa ba ta tsaya ba, a kira malamin gona ko likitan dabbobi, kada a bi maganar mai shago kawai.

Sabon kifi kuwa a ware shi mako 2 zuwa 3 kafin a haɗa. Kuma a daina aron raga da bokiti daga maƙwabci.

Aiki: Tankinka yana cin lita 500. Gishiri kilo nawa za ka narkar?