Kiwon ƙoƙi-ƙoƙi a gida: saɓa ce ke kashe su, ba yunwa ba

To masu tambaya wai har ƙoƙi-ƙoƙi ake kiwo, eh ana yi, a Turai da Amurka ma kuɗi suke sawa su saya. Akwai mai kama da fure fari da ruwan hoda da ake kawowa daga dazukan Malesiya da Indonesiya, amma ni dai ban ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba, tana da laulayi sosai. Fara da koriyar nan babba ta Afirka da muke gani jikin shuka da damina, ko wacce ta yi kama da busasshen ganye, ita ma 'yar Afirka ce kuma tana da juriya.

Samu roba ko kwalba mai tsayi, tsayin ya ninka jikinta sau 3, faɗi sau 2, ka yanke murfin ka sa raga ko gidan sauro. Wannan ragar kar ka yi wasa da ita don a jikinta ƙoƙi-ƙoƙin take rataya kai ƙasa idan za ta yi saɓa, in wurin ya yi gajere ko ya bushe sai ta maƙale cikin tsohuwar fatar, ƙafa ta karkace ko ta mutu gaba ɗaya. In ka ga ta ƙi cin abinci ta lafe waje guda to saɓa ta matso, kwashe duk ƙwaron da ke ciki musamman gyare don zai iya cinye ta, kuma kar ka taɓa ta sai ta kwana jikin ya yi ƙwari. Da hunturu kullum ka ɗan fesa ruwa jikin robar, shi take sha ma.

Abinci sai mai rai. Ƙanana ka ba su ƙudajen nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba, manya kuma ƙuda da ƙananan fara. Ɗakin da ake fesa maganin sauro ko fiya-fiya kam kar su shiga.

Kowacce robarta daban, suna cin junansu wallahi. Wajen barbara ka jira kamar sati 2 zuwa 3 bayan saɓar ƙarshe, ka cika wa macen ciki tukuna sannan ka ajiye namijin ta bayanta, suna rabuwa ka ɗauke shi. Jakar ƙwan kamar busasshen kumfa take, tana ƙyanƙyashewa ka fara rarraba 'ya'yan tun kafin su soma cin juna.