Idan sabon akunku yana figar gashinsa

Jama'a, ku fara duba kansa. In gashin kai lafiya lau, ƙirji ne ya yi fili, to shi ke figa da bakinsa, yawanci saboda baƙunta da kaɗaici. In har kan ma ya zube, mai yiwuwa cuta ce, sai likitan dabbobi.

Iskar Yamai busasshiya ce, balle da hunturu, alhali aku ɗan kurmi ne. Ku riƙa fesa masa ruwa da safe. Gyaɗa zalla ba abinci ba ce, a haɗa da gwanda, mangwaro da karas, amma avoka guba ce gare shi. A nisanta kejin daga hayaƙin turare da maganin sauro, a ba shi icen da zai gwagwiya. Tsawar da ake yi masa kuwa, ƙara masa figar take yi.