Yadda Ake Haɗa Allon Atisayen Hawan Dutse a Ƙaramin Ɗaki a Kumasi

Mai son ƙarfafa yatsu da kafaɗu don hawan dutse ba sai ya mallaki fili ba. Allon katako mai karkata, wanda aka ɗaɗɗaura wa mariƙai, wato 'yan guntayen da ake kamawa da hannu ko a taka da ƙafa, yana shiga ɗaki ɗaya irin na gidajen haya na Aboabo ko Asawase. Sharaɗin dai shi ne allon ya tsaya da ƙafafunsa, kada a rataya shi a bangon ɗaki. Bulon yashi da siminti, musamman mai rami a ciki, ba ya jure fizga. Duk tsallen da ka yi, ƙarfen da aka kafa yana ƙara cin bulon har ramin ya buɗe, ran nan kuma allo ya biyo ka ƙasa. Ga kuma maigida, wanda ba zai so ya ga an farfasa masa bango ba.

Fara da awo. Filawud ɗaya faɗinsa mita 1.22 ne, tsawonsa 2.44. In ka karkatar da shi digiri 30 daga tsaye, tsayinsa zai dawo mita 2.11, kansa kuma ya shigo cikin ɗaki da mita 1.22. A ƙasansa ana sa ɗan allo a tsaye mai santimita 25 don dira ƙafa, jimillar tsayi ta zama 2.36. Silin ɗin da bai kai haka ba, sai a ƙara karkata zuwa digiri 40: tsayin allon ya koma 1.87, amma ya ci mita 1.57 na ɗaki, hawan kuma ya yi wa sabon shiga tsanani. Digiri 25 zuwa 30 ya fi dacewa da mafari. Bayan bakin allon ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi babu gado, babu tebur, domin mai faɗuwa baya yake yi. Ka ɗaga kai ka dubi fanka. In tana kusa, a cire ta.

Filawud biyu gefe da gefe su ne daidai. In ɗakin ya matse, guda ɗaya ma yana aiki. Kaurinsa ya zama milimita 18, ba ƙasa da haka ba, domin mai 12 yana lanƙwasa kuma noti yana ɓallewa ta cikinsa. Ka duba gefensa tun a shago: in akwai ramuka tsakanin shimfiɗun, ajiye shi ka ɗauki wani.

Katakon firam kuwa, a Sokoban, inda aka mayar da kafintocin Anloga, za ka samu. Nemi mai inci 2 da 6. Kada arha ta ja ka zuwa katakon da ake kira wawa: yana da laushi, ƙwaro na cinsa, sukuru kuma ba ya kama shi da kyau. Dahoma da ake rufin gida da shi ya fi, sai dai tauri gare shi, dole a fara huda kafin a ɗaura sukuru, in ba haka ba ya tsage. Ka guji ɗanye. Ɗanyen katako yana murɗewa in ya bushe, ya ja allon ya karkace.

Ka jera sanduna a bayan filawud, tsakanin kowace da 'yar'uwarta santimita 61, ka ninka ta tsakiya inda allunan biyu suka haɗu, sannan ka rufe sama da ƙasa da sanda a kwance. Daga kowace kusurwar sama ƙafa ɗaya za ta sauko ƙasa, wata sanda kuma ta kwanta a daɓe ta haɗa gindin ƙafar da gindin allon. Wannan sandar ta ƙasa ita ce mutane suka fi rainawa, alhali ita ke hana ƙafa zamewa. Kowane gefe ya zama kamar murhu mai duwatsu uku, babu wanda zai motsa ba tare da sauran ba. Mahaɗan nan a ɗaure su da bolti mai milimita 12, biyu a kowace mahaɗa, da wosha gaba da baya. Ƙusa ba ta da wuri a nan, jijjiga na zare ta sannu a hankali. Bolti da faifan ƙarfe na ƙarfafa kusurwa, a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da ƙarafa, ba a rasa su.

Huda ake yi kafin a ɗora allo. Ja layuka tazarar santimita 20, ka fara santimita 11 daga gefe don kada rami ya faɗa kan sanda. Hakan zai ba ka ramuka 72 a filawud ɗaya. A kowane rami ana buga noti mai haƙora ta baya, wanda mariƙi ke ɗauruwa a kansa ta gaba. Noti mai milimita 10 yana son rami mai 12. Huda ta fuskar gaba, ka sa guntun katako a ƙasa don kada bayan ya tsattsage, injin hudar kuma ya tsaya a miƙe, kada ya karkace. Ramin da ya karkace yana sa bolti ya hau zare a gicciye, notin ya saki haƙoransa ya dinga juyawa a bayan allo inda hannu ba ya kaiwa. Akwai zare iri biyu, na milimita 10 da na inci 3/8. Kama suke yi a ido amma ba sa shiga juna, don haka ka tsaya kan iri ɗaya. Bayan nan a ɗaura filawud a firam da sukuru mai santimita 6, kowane santimita 15 zuwa 20. Aikin mutum uku ne ɗaga shi.

Mariƙan da ake shigowa da su daga waje suna da tsada. Guntayen katakon odum ko mahogani daga wurin kafinta sun wadatar: a yanka masu kaurin santimita 2 zuwa 4, a goge bakinsu da sanfefa har kaifi ya tafi, a huda tsakiya. Dogon mariƙi a ƙara masa sukuru ɗaya a gefe don kada ya juya. Guda 30 sun isa farawa, mafi yawansu manya.

Katifa ba wurin tsimi ba ce. Kauri ya kai santimita 20 zuwa 30 na soso mai tauri, ta rufe ƙarƙashin allon har ta wuce bakinsa. In biyu ka haɗa, ɗinke su cikin riga ɗaya ta tamfol, domin a tsagar tsakaninsu ƙafa ke shiga ta gurɗe.

Damshin Kumasi yana kumbura katako da damina, hunturu kuma ya busar da shi ya tsuke, bolti ya saki. Ka bi mahaɗai da sifana duk wata. Shafa maganin gara a duk inda katako ya taɓa ƙasa, ka sa guntun roba a ƙarƙashi, ka bar ɗan sarari tsakaninsa da bango don iska. Jijiyoyin yatsu sun fi tsoka jinkirin sabawa, saboda haka a ɗumama jiki minti goma, a yi atisaye kwana biyu ko uku a mako, ƙananan mariƙai su jira wasu watanni. A gidan da yara ke shige da fice, kwance mariƙan ƙasa in ka gama, ka kulle ɗakin.